Wa Ke Riƙe da Akala? Kuɗin Masu Hannu da Shuni da Gwagwarmayar Baƙaƙen Fata a Amurka

A ƙarshen watan Mayun 2020, kwanaki kaɗan bayan ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa a bakin titi a birnin Minneapolis na sama da minti tara har rai ya yi halinsa, wata 'yar ƙaramar ƙungiya a garin ta tsinci kanta a halin da ko a mafarki ba ta zata ba. Sunanta Minnesota Freedom Fund, aikinta kuwa biya wa talakawa kuɗin beli don kada su ruɓe a tsare tun ba a yi musu shari'a ba. Ma'aikatanta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da zanga-zanga ta ɓarke aka shiga kame, mawaƙa da 'yan fim suka riƙa yaɗa sunanta a Twitter, cikin 'yan makonni gudummawa ta haura dala miliyan 30. Abin ya fi ƙarfinta. Da bakinta ta roƙi jama'a su dakata haka nan, su miƙa wa wasu ƙungiyoyin garin irin su Black Visions Collective, wadda matasa baƙaƙen fata ke jagoranta. Ba a yi wata guda ba, masu bayarwar suka dawo suna tambayar me ya hana a kashe kuɗin, alhali galibin waɗanda aka kama a zanga-zangar an sallame su ba tare da an nemi ko sisin beli ba.

Haka taimakon nan yake zuwa. Kamar ruwan sama mai ƙarfi ne a kan ƙasar da ta daɗe cikin fari: bai samun damar shiga ƙasa, gudu yake yi, ya ci hanya, ya wuce, gobe ka zo ka tarar da ƙura. Shi ya sa masu fafutuka a can suka rage tambayar nawa aka bayar. Abin da ya fi damunsu shi ne a wace siga aka bayar, na tsawon wane lokaci, kuma wa ke da ta cewa a kan inda za a kashe.

Sai an san yadda kyauta ke tafiya a Amurka kafin a gane rigimar. Amurkawa na ba da sama da dala biliyan 450 a shekara, mafi yawa daga aljihun ɗaiɗaikun mutane, kuma wuraren ibada ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ne ke fitowa daga gidauniyoyi. Wasunsu ba baƙi ba ne a wurinmu: MacArthur ta yi shekaru tana tallafa wa Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, Ford kuwa tana da ofis a Legas tun 1960. Gidauniya ta yi kama da waƙafi. Attajiri ya ware dukiya, gwamnati ta sauƙaƙa masa haraji, a naɗa kwamitin amintattu, a zuba dukiyar a kasuwar hannun jari tana haihuwa. Doka ta ce dole a fitar da aƙalla kashi 5 cikin 100 na dukiyar duk shekara, kuma da yawansu a nan kusa suke tsayawa. Su 'yan kwamitin ba zaɓensu jama'a ke yi ba, ba kuma wanda zai tsige su don sun yi rabon da bai yi daidai ba, ga shi galibinsu fararen fata ne da suka fito daga manyan jami'o'i da bankuna. Wata cibiya mai bin diddigin wannan rabo, Philanthropic Initiative for Racial Equity, ta lissafa cewa a 2018, cikin kowace dala ɗari da gidauniyoyi suka bayar, dala shida ce ta tafi ga ayyukan rage giɓin da ke tsakanin jinsuna, dala ɗaya tak ta je ga masu ƙoƙarin sauya dokoki da tsarin da ke haifar da giɓin.

Akwai kuma bambancin da mutanen can suke nanatawa, tsakanin ƙungiyar da ke yi wa baƙaƙen fata hidima da wadda baƙaƙen fata ke jagoranta. Ta farko tana iya raba abinci ko buɗe ajin karatu a unguwarsu, amma shugabanta da kwamitinta duk daga wata unguwa suke zuwa da safe su koma da yamma. Ta biyu kuwa shugaba da mafi yawan kwamiti da ma'aikata 'yan gida ne. Hujjarsu ita ce wadda kowane Bahaushe ya sani: mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. To amma irin waɗannan ƙungiyoyin ne kuɗi ya fi gudu. A 2020 cibiyoyin Echoing Green da Bridgespan suka duba ƙungiyoyi masu tasowa da suka nemi tallafi, suka gano cewa kuɗin shigar waɗanda baƙaƙe ke jagoranta ya gaza na waɗanda farare ke jagoranta da kashi 24 cikin 100. Da aka zo kan kuɗin da ba a ɗaure shi da sharaɗi ba, wanda ƙungiya za ta kashe yadda ta ga ya dace, giɓin ya kai kashi 76.

Wannan adadi na biyu shi ne zuciyar maganar. Duk wanda ya taɓa aiki da ƙungiya mai zaman kanta, ko a Kano ne ko a Maraɗi, ya san abin da ake nufi da tallafi mai sharaɗi. A ba ka kuɗin shekara guda, a ce na taron bita ne da buga takardu, ba na hayar ofis ba ne, ba na albashin akanta ba ne, ba na gyaran mota ba ne. Wata uku ka yi kana cike fom kafin a ba ka, wata uku kana rubuta rahoton yadda ka kashe, kafin ka ɗago kai shekara ta ƙare, sai sabon fom. Ƙungiyar da ke da ajiya za ta ɗauki ƙwararren marubucin neman tallafi, ta jure jinkirin biya, ta gwada sabon abu ko da zai faɗi. Wadda ba ta da shi kullum tana bakin rami, mai bayarwa kuma ya dube ta ya ce ai ba ta da ƙarfin riƙe babban kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Rashin ruwan cikin kuwa yana da tarihi. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna cewa matsakaicin gidan farar fata na da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900. Dab da ƙarshen yaƙin basasa an yi wa 'yantattun bayi alkawarin gona eka 40 a watan Janairun 1865, shekara ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin iyayengijinsu filayen. Bankin da aka kafa musu a wannan shekarar, Freedman's Savings Bank, ya durƙushe a 1874 da ajiyar mutane sama da 60,000. A 1921 aka ƙone unguwar Greenwood ta birnin Tulsa, inda baƙaƙe suka gina kasuwanci mai ƙarfi. Daga shekarun 1930 hukumomi suka riƙa zana jan layi a taswirar unguwanninsu, bankuna suka daina ba da rancen sayen gida a ciki, a ƙasar da gida ne babbar dukiyar da uba ke bar wa ɗa. Matashin da ya kafa ƙungiya a irin wannan unguwa ba shi da kawun da zai rubuta masa cek na farko, ba shi da abokin makarantar da ke zaune a kwamitin wata gidauniya.

Kuskure ne a ɗauka cewa baƙaƙen Amurka masu miƙa hannu ne kawai. Wani rahoton gidauniyar Kellogg na 2012 ya ce kason da suke bayarwa daga abin da suke samu ya zarce na farare da kashi 25 cikin 100. Al'adar ta girmi duk gidauniyoyin nan. A 1787, shekarar da aka rubuta tsarin mulkin ƙasar, Richard Allen da Absalom Jones suka kafa Free African Society a Filadelfiya. Kowane mamba na zuba sule ɗaya a wata, a taimaki mara lafiya, a yi jana'iza, a riƙe gwauruwa da marayu. Asusun taimakon kai da kai ne irin wanda muka sani. A 1903 Maggie Lena Walker, 'yar mai wankau, ta buɗe St. Luke Penny Savings Bank a Richmond, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta kafa banki a Amurka, da kwabban masu aikatau da 'yan ƙwadago.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Oseola McCarty ta garin Hattiesburg a jihar Mississippi. Ta bar makaranta a aji shida don jinyar gwaggonta, ta shafe sama da shekara saba'in tana wanki da guga, tana kai 'yan canjinta banki. Ba ta taɓa mallakar mota ba. Da tsufa ya zo, ma'aikacin bankin ya zaunar da ita, ya jera tsabar kuɗi guda goma a kan tebur, ya ce kowane ɗaya kashi goma ne cikin ɗari na dukiyarta, ta nuna yadda take so a raba. Ta ware ɗaya ga cocinta, uku ga danginta, ta tura shidan da suka rage gefe guda ta ce na jami'ar garin ne, a biya wa yaran da ba su da hali. Dala 150,000 ke nan, a 1995, ga jami'ar da a ƙuruciyarta ba a yarda baƙar fata ya shiga ajinta ba.

Ita kuwa Georgia Gilmore, kuku ce a wani gidan abinci a Montgomery lokacin da baƙaƙe suka ƙaurace wa motocin bas daga Disambar 1955, bayan kama Rosa Parks, wadda ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar bas. Ƙauracewar ta yi kwana 381, kuma kullum sai an kai dubban mutane wurin aiki a motocin sa-kai masu buƙatar mai da taya da gyara. Gilmore ta tara mata suna soya kaji, suna gasa kek da fanke iri-iri, ana sayarwa a shagunan gyaran gashi da wuraren wanki da bakin coci. Da yawa cikin matan aikatau suke yi a gidajen farare, in aka ji sunansu aikinsu ya tafi. Saboda haka ita kaɗai ke miƙewa a taron coci ta miƙa kuɗin, in an tambayi daga ina, sai ta ce daga babu ko'ina, har sunan ya bi ƙungiyar. Da ta ba da shaida a shari'ar Martin Luther King a 1956 aka kore ta daga aiki, ta mayar da gidanta wurin sayar da abinci. Kuɗin kajin nan ba mai cike masa fom, ba kuma mai cewa a sassauta murya kafin a ba da shi.

Babban kuɗi daga waje kuwa tun farko da igiyarsa yake zuwa, ko da mai shi na da kyakkyawar niyya. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da malamin nan baƙar fata Booker T. Washington daga 1912, kafin 1932 an gina makarantu kusan 5,000 na yaran baƙaƙe a jihohi 15 na kudu. Ɗan gwagwarmaya John Lewis da marubuciya Maya Angelou duk sun zauna a irin waɗannan azuzuwan. Sharaɗinsa shi ne sai mutanen gari sun kawo nasu kason, hukumar ilimi kuma ta yarda za ta riƙe makarantar. Manoma suka ba da fili, suka sari katako, suka yi gayya, wasu suka ware kadadar auduga suka ce ta makaranta ce. Da aka yi lissafi a ƙarshe, Rosenwald ya ba da kimanin dala miliyan 4.3, talakawan baƙaƙe kuwa miliyan 4.7. Sun fi shi bayarwa, sunansa ne a kan makarantun. Kuma mutanen nan sun riga sun biya harajin da ake gina makarantun farare da shi, wannan biya na biyu ne. Shirin bai taɓa ƙalubalantar raba makarantu bisa launin fata ba, gyara ya yi a cikinsa.

Misalin da masana suka fi tattaunawa shi ne na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe da aka kafa a 1909. Babban abin da ta sa a gaba a shekarunta na farko shi ne kisan gilla, inda gungun farare ke kama baƙar fata su rataye shi ko su ƙone shi a bainar jama'a ba mai hukunta su. Ta yi ta faman a yi dokar tarayya a kai, ƙudurin ya wuce majalisar wakilai a 1922 ya mutu a ta dattawa. Ana nan sai ga asusun Garland, wanda aka kafa da gadon wani saurayi, Charles Garland, da ya ƙi cin dukiyar mahaifinsa. A 1930 asusun ya amince zai ba NAACP dala 100,000 don yaƙi a kotu, da ƙarfafawa a kan makarantu. Karyewar tattalin arzikin duniya ta sa abin da ya shiga hannu bai kai sulusi ba, amma akala ta riga ta juya. Masaniyar siyasa Megan Ming Francis, wadda ta tono takardun wancan zamani, ta nuna yadda buƙatar kuɗi ta ja ƙungiyar daga batun tsare rai zuwa batun ilimi, domin shi ne abin da masu asusun suka fi so.

A nan ne maganar ke da wuyar yankewa. Hanyar da aka bi, wadda lauya Charles Hamilton Houston ya share, ita ce ta kai ɗalibinsa Thurgood Marshall ga nasarar 1954, lokacin da Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu. Ba mai hankalin da zai ce wannan asara ce. Amma dokar tarayya kan kisan gilla, wadda ita ce mutanen suka fara nema da bakinsu, sai a watan Maris na 2022 aka sa mata hannu, kusan shekara ɗari bayan mutuwar ƙudurin 1922. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da askin ya yi kyau.

An sake irin haka a farkon shekarun 1960. Gwamnatin Kennedy ta gaji da ganin ana dukan masu zanga-zanga a gaban kyamarorin duniya, sai ta ƙarfafa gidauniyoyin Taconic da Field da Stern su zuba kuɗi a shirin rajistar masu zaɓe da aka fara a 1962, da fatan matasa za su bar titi su koma cike takarda. Shirin ya yi wa mutane kusan 700,000 rajista a kudu. Amma a Mississippi, inda neman rajista kan jawo wa mutum kora daga gona ko harsashi, an yanke tallafin a ƙarshen 1963 saboda alƙaluma ba sa hawa. Wurin da ya fi wuya shi aka fara bari. Da gidauniyar Ford ta ba ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta CORE dala 175,000 a Cleveland a 1967, aka yi rajista, Carl Stokes, baƙar fata, ya ci kujerar magajin gari, 'yan majalisa suka fusata. Dokar haraji ta 1969 ta ɗaure hannun gidauniyoyi a kan siyasa, har ta ce ba za su biya aikin rajista ba sai in ya game jihohi biyar ko fiye. Tun daga nan tsoron ya zauna musu: gara a biya kuɗin ciyarwa da a biya na masu tambayar abin da ya kawo yunwar.

Da wannan tarihi a zuciya za a fi gane abin da ya faru a 2020. Kamfanoni suka riƙa rige-rigen sanarwa. Bank of America ya ce dala biliyan ɗaya cikin shekara huɗu, JPMorgan Chase ya ce biliyan 30 cikin shekara biyar. A watan Agustan 2021 jaridar Washington Post ta zauna ta tsefe alkawuran manyan kamfanoni 50, jimillarsu dala biliyan 49.5. Ta gano cewa sama da kashi 90 cikin 100 rance ne da jari, kamar bashin sayen gida, wanda kamfanin zai iya cin riba a kai. Kyauta tsagwaronta biliyan 4.2 ce, daga ciki kuma abin da ya tafi ga masu neman gyara harkar 'yan sanda da kotuna da gidajen yari, wato ainihin abin da ya fito da mutane titi, kimanin miliyan 70 ne. Rance ba laifi ba ne, mai neman gida yana buƙatarsa. Kiran sa kyauta ne romon baka.

Ba kowa ne ya yi haka ba. MacKenzie Scott, tsohuwar matar mai kamfanin Amazon, ta sanar da raba dala biliyan 1.7 ga ƙungiyoyi 116 a watan Yulin 2020, ta ƙara biliyan 4.2 ga wasu 384 a Disamba. Salonta ne ya girgiza mutane: ba fom, ba sharaɗi, ba a sa sunanta a gini. Jami'o'in da aka kafa don baƙaƙe tun zamanin wariya sun samu kyautar da ba su taɓa gani ba, Howard miliyan 40, Morgan State miliyan 40, Prairie View miliyan 50. Gidauniyar Ford a ƙarƙashin Darren Walker, baƙar fata da ya tashi cikin talauci a ƙauyen Texas, ta ci bashin dala biliyan ɗaya a kasuwa don ta ninka abin da take rabawa ba tare da ta taɓa uwar kuɗinta ba. Open Society ta George Soros ta ware miliyan 220, miliyan 150 daga ciki tallafin shekara biyar ne ga ƙungiyoyin da baƙaƙe ke jagoranta. An kuma kafa asusai irin su California Black Freedom Fund, mai burin tara miliyan 100, inda masu fafutukar da kansu ke da baki a rabon. Duk da haka, ko salon Scott na da nasa aibin. Galibi mutum ɗaya da 'yan mashawartanta ne ke zaɓa a asirce, wanda ba a gani ba ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. An kwance igiyar, amma har yanzu hannu ɗaya ne ke nuna wanda za a ba.

Dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Gidauniyar da ke ɗauke da sunan Black Lives Matter, gwagwarmayar da Alicia Garza da Patrisse Cullors da Opal Tometi, 'yar asalin Najeriya, suka fara a 2013, ta ce ta tara kimanin dala miliyan 90 a 2020. Kafin shekarar ta ƙare, rassa goma suka fito fili suna kukan ba su san yadda ake juya kuɗin ba. Cullors ta sauka a watan Mayun 2021, tana musanta aikata ba daidai ba. A 2022 aka ji cewa an sayi gidan kusan dala miliyan 6 a Los Angeles, shugabannin suka ce wurin aiki ne na masu fasaha. Ko me aka yi niyya, amana ta taɓu, kuma wasu iyayen da aka kashe wa 'ya'ya sun fito sun ce ana cin abinci da sunan mamatansu. A ganina ƙorafin na da tushe, domin kasancewa ɗan gida bai wanke kowa daga bayar da lissafi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka mayar da laifin ƙungiya ɗaya sandar dukan ɗaruruwan da ba su taɓa ganin ko kashi ɗaya na wannan kuɗi ba. Manyan cibiyoyin farare sun sha yin abin kunya da kuɗin jama'a, ba a taɓa cewa a daina ba farare tallafi ba.

In ana son ganin abin da aikin 'yan gida ke iya yi, a dubi Florida. Desmond Meade ya yi shaye-shaye, ya yi zaman kurkuku, ya kwana a titi, daga baya ya yi digirin lauya. Dokar jihar ta hana duk wanda aka taɓa samu da babban laifi yin zaɓe, har matarsa ta tsaya takara a 2016 bai iya jefa mata ƙuri'a ba. Tun 2009 yake jagorantar ƙungiyar tsofaffin fursunoni, yana zagaya jihar a motarsa yana neman sa hannu, shekaru da dama ba wani babban mai tallafi da ya kula shi. A Nuwamban 2018 kusan kashi 65 cikin 100 na masu zaɓe suka amince a mayar wa mutane kimanin miliyan 1.4 'yancinsu. Tsugune ba ta ƙare ba, domin a 2019 majalisar jihar ta ce sai mutum ya biya duk tarar da kotu ke bin sa tukun. Ƙungiyar ta buɗe asusun biyan tara, attajiri Michael Bloomberg ya tara mata dala miliyan 16, ɗan wasan ƙwallon kwando LeBron James ma ya sa hannu. Aikin kusan shekara goma ne. Da tallafin shekara guda mai neman rahoton nasara a wata na goma sha biyu aka dogara, da an rufe shi tun a shekara ta biyu.

Guguwar kuwa ta juya da sauri fiye da yadda ta taso. Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta wa jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Mutumin da ya jagoranci ƙarar, Edward Blum, bai huta ba. A watan Agusta wata ƙungiyarsa ta maka Fearless Fund a kotu, wani asusun jari a Atlanta da mata baƙaƙe suka kafa, saboda gasar da yake ba mata baƙaƙe masu ƙananan sana'o'i dala 20,000. Dokar da aka kafa hujja da ita ta 1866 ce, wadda aka yi don 'yantattun bayi su samu damar ƙulla ciniki kamar kowa. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da gasar a Yunin 2024, a Satumba asusun ya sasanta ya rufe ta gaba ɗaya. Lauyoyin gidauniyoyi suka shiga goge kalmar baƙar fata daga takardun neman tallafi tun ba a kai su ƙara ba. A Nuwamban 2024 Walmart ya ce ba zai sabunta cibiyar da ya kafa a 2020 da alkawarin dala miliyan 100 ba. Da Donald Trump ya dawo a Janairun 2025, ya sa hannu a umarnin da ya ce hukumomi su zaƙulo waɗanda za a bincika kan shirye-shiryen daidaito, har da gidauniyoyin da dukiyarsu ta kai dala miliyan 500.

A wannan watan ne kamfanin Target, wanda hedikwatarsa ke Minneapolis, garin da aka kashe Floyd, ya sanar da janye nasa shirye-shiryen. A 2021 ya yi alkawarin kashe sama da dala biliyan 2 wajen sayen kaya daga 'yan kasuwa baƙaƙe. Wani limamin coci a jihar Jojiya, Jamal Bryant, ya yi kira a ƙaurace wa shagunansa na kwana 40 daga 5 ga Maris, daidai da azumin Kirista, coci-coci suka ɗauka, kuma da kwanakin suka cika ba a janye ba. Cikin buƙatun da suka miƙa wa kamfanin akwai cika wancan alkawari na biliyan 2, da kuma ɗaukar dala miliyan 250 a ajiye a bankunan da baƙaƙen fata suka mallaka.